Gefen Kudu na Ƙauyen Malama

Abin da na fara lura da shi a Guangzhou shi ne titi a kan titi. Motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi ta hau wata gada wadda ba ruwa a ƙarƙashinta sai wani titin, ga kuma wani a saman kanmu. Muka gifta dab da tagar wani bene, na hango wata mata tana wanke shinkafa a jar roba. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Na juya zan nuna wa Umma, kafin in buɗe baki mun wuce.

Ina 'yar shekara goma sha uku a lokacin. Baba ya daɗe a garin, yana sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu yana lodawa zuwa Kano. Ana saura shekara guda a yi wasannin Olympics a ƙasar ta Sin ya ce ni da Umma mu biyo shi. Ya kama mana ɗaki da falo can sama a wani dogon gini, tagoginsa duk an yi musu kejin ƙarfe, ana shanya a ciki. Ranar da muka sauka ya nuna wa Umma alƙibla, wajen bangon da firij yake. Da gari ya waye ya fita kasuwa, Umma ta ga rana ta ɓullo ta bayanta. Ta daɗe tana kallon tagar, sannan ta ɗauki dardumarta ta juya ta.

"Ashe babanki ya daɗe yana ba gabas baya," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Kada ki ce masa komai, ni na san yadda zan yi da shi."

Muka yi kwanaki muna fuskantar mafitar rana, sai da maƙwabciyarmu ta shigo ta same mu a haka. Wata Hajiya ce 'yar Maradi, mai sarin kayan mata a kasuwar Shahe, ƙofarta na kallon tamu. Ta jira muka sallame, sannan ta zauna a bakin gado tana dariya har da share hawaye.

"Makka kun baro ta baya tun cikin jirgi," ta ce. "Nan yamma ake kallo. Ku rama, Allah shi karɓa. Ni ma da na zo sati guda na yi ina gaida Japan."

Umma ba ta yi dariya ba. Ni kuwa tun daga ranar na daina yarda da jikina. A Kano ko idona a rufe yake na san inda na dosa. A nan sai in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ta wata ƙofa, in fito ta wata, in rasa ta ina na zo. Ba na tambaya. Tun ina ƙarama ba ni da baki a gaban mutane.

Akwai abu guda da nake so a wannan shekara, ban kuwa gaya wa kowa ba. Ina so in ƙare shekarar makaranta a inda na fara ta. Ban taɓa yi ba. Kasuwar Baba ta kai mu Legas, ta kai mu Kwatano, ta dawo da mu Kano, kuma kullum a tsakiyar zangon karatu ake tashi. A wata makarantar na baro ana shirin fara raba lamba, a ta gaba na tarar an wuce shi. Na san farkon abubuwa da yawa. Ban taɓa zama a aji ranar da ake rufe littafi a ce an gama ba.

Makarantar da aka sa ni ƙarama ce, ta 'ya'yan baƙi, a saman wani gini a unguwar Tianhe da ake sayar da kwamfuta a ƙasansa. Akwai 'yan Koriya, da Indiyawa, da Larabawa. Da Turanci ake karatu. Na zaɓi kujerar ƙarshe, kusa da wani dogon tebur da ba komai a kansa.

Malamar labarin ƙasa Baturiyar Ingila ce, doguwa, gashinta ya fara fari. Bahaguwa ce, don haka gefen hannunta na hagu kullum baƙi ƙirin yake da tawadar allo. A makon farko ta ce wannan shekarar ba za mu karanci manyan koguna da manyan birane ba. Ƙauyen da aka haife ta za mu karanta, kuma za mu gina shi a kan wancan tebur na bayana. Wani yaro ɗan Indiya ya tambaye ta me ƙauyen ya shahara da shi. Ta ce ba komai, shi ya sa ta zaɓe shi.

Ƙauyen yana kwance a wani ɗan kwari, tsakanin tudun farar ƙasa da wani ƙaramin rafi. A tsakiya akwai fili mai ciyawa da ba na kowa ba, da kududdufi, da cocin dutse mai hasumiya murabba'i. Kanti ɗaya ne, shi ne kuma gidan waya. Gonaki ba a raba su da waya ko katanga, sai da shingen ƙaya mai rai, wanda ake yi wa aski duk shekara. Muka fara da tsakiyar: aka yanka kwali aka yi gidaje, aka jiƙa jarida da kwaɓin fulawa aka yi tudu. Baba ya ba ni kwalayen takalma da suka lanƙwashe na kai. Da Malama ta ga yadda nake yanka abu a tsanake, sai ta ba ni aikin shinge. Na riƙa sayen koren soson wanke-wanke ina yankawa siri-siri da almakashin Umma, ina tsattsage samansa da farce don ya yi kama da ganye.

Amma ainihin darasin iyakar ƙauyen ne. Malama ta ce a ƙasarsu akwai wata tsohuwar al'ada. Sau ɗaya a shekara, idan sanyi ya wuce, dattawan ƙauye da limamin coci sukan tattara yara, kowa da tsumagiyarsa, a zagaye iyakar ƙauyen da ƙafa. Duk inda aka iso wata alama, dutse ko bishiya ko bakin rafi, sai yaran su yi ta dukanta. A da can har ɗaga yaro ake yi a juya shi kai a ƙasa a ɗan gwara masa kai da dutsen, ko a tsoma shi a ruwa, sannan a ba shi burodi mai zaƙi. Ba mugunta ba ce. A lokacin ba taswira, kan yaron shi ne taswirar. Idan ya tsufa aka yi rigimar iyaka da ƙauyen maƙwabta, shi za a kira, ya ce nan ne, don a nan na sha wuya.

Ta ce haka za mu yi mu ma. Ba za ta nuna mana taswirar ƙauyen gaba ɗaya ba. Za mu fara daga yamma, mu bi ta arewa, mu gangaro gabas, mu ƙare da kudu, kowane mako ɗan taƙi kaɗan. Inda muka iso shi za ta ba mu labarinsa, mu gina shi, a kafa allura a ja jan zare zuwa wurin. Inda ba mu iso ba ya zauna a jarida tsirara. A ranar ƙarshe ta shekara, idan zaren ya haɗu da inda ya faro, za a ture kujeru, kowa ya ɗauki tsinken cin abinci a matsayin tsumagiya, mu zagaye teburin muna dukan alamomin ɗaya bayan ɗaya.

Sauran yaran suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ban taɓa jin an faɗi ƙarshen abu tun daga farkonsa ba, har da ranar.

A yamma muka sami tsohon layin dogo da aka cire ƙarafansa, ciyawa ta cinye shi, sai tasha da wani ya mayar gidan zama. Muka sami dutsen farko, gajere, da haruffa biyu a fuska ɗaya, wasu biyu a ɗaya fuskar, na ƙauyensu da na maƙwabta. Ni na yi shi da gutsuren sabulun wanka, na zana haruffan da allura. A arewa zaren ya hau tudun farar ƙasa, inda ba a noma sai kiwon tumaki, ya bi wata tsohuwar hanyar masu kora dabbobi kasuwa, ya tsaya a gindin wata tsohuwar bishiya mai rami a ciki kamar kuka, inda ake tsayawa a yi addu'a a ranar zagayen.

Tsakanin wannan da wancan take ba mu tarihin mulkin wurin. Ta ce tun zamanin wani sarki da ya aika a ƙidaya garmuna da aladu da injin niƙa na ƙasar gaba ɗaya, an ambaci ƙauyen. Da farko na wani mai sarauta ne shi kaɗai, da mutanen da ke ciki. Daga baya coci ya zama shi ne hukuma: shi ke karɓar kason amfanin gona, shi ke gyara hanya, shi ke ciyar da gajiyayyu. Sannan aka raba aikin coci da na mulki, aka yi wa ƙauyen 'yar majalisarsa, aka haɗa shi da wasu ƙauyuka a gunduma ɗaya. Sannan aka rushe gundumar. A wannan gyaran ne, tana yarinya kamar mu, aka cire su daga lardinsu aka liƙa su a lardin maƙwabta. Ta ce babu wanda ya matsa daga gidansa, amma mahaifinta har ya mutu tsohon lardin yake rubutawa a adireshinsa. Bayan haka aka rufe makarantar firamaren ƙauyen saboda ƙarancin yara, aka haɗe majalisarsu da ta babban ƙauyen da ke kusa, can ake zama yanzu.

Ranar na kasa riƙe abin, na faɗa a gida muna cin abinci. Hajiyar Maradi tana nan, ta kawo mana yaji. Baba ya ajiye cokali.

"To ai mu ne wannan, Mamana," ya ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana. "Mu ma a ƙauyenmu mun kwana a Kano muka tashi a Jigawa. Ko zabuwa ba ta matsa ba."

"Kano ce ta gaji da ku ta yar," in ji Hajiya. Baba mutumin ƙasar Haɗeja ne, ita Bakatsiniyar Maradi, akwai wasa tsakaninsu, ba ta taɓa ƙyale shi. "Wa zai riƙe Bahaɗeje in ya samu hanyar rabuwa da shi?"

"Baiwata, ku da Bature ya ja muku layi ya raba ku da gidan ubanku, har kina da bakin magana?"

"Mu Faransa ta zaɓa, ku Ingila ta tsinta." Ta juyo gare ni. "Ke ɗiyata, wanga shi ne abin da kuke koyo a lakkwal? Ubanki na biyan kuɗin Sin don ki san inda tumakin Nasara ke kiwo?"

Na sunkuyar da kai. Baba ya ce su gamba suke dasawa a iyakar gona, ba sa bukatar gwara kan yaro. Daga ranar duk sanda ya ga ina yanka soso sai ya ce, "Har yanzu ba a gama ƙauyen nan ba? Ɗan kwangilarku ya gudu ke nan."

Abin da ban iya faɗa musu ba shi ne, ƙauyen nan shi kaɗai ne wurin da na san gabas da yammansa. Idan na tsaya a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, jama'a sun matse ni, yara suna leƙen fuskata, sai in rufe ido in fito daga ƙofar coci, in bar kududdufi a hannun dama, in bi shinge har tashar da ta mutu. Ban taɓa ɓata ba.

Sanyin shekarar ya yi tsanani har ya tsayar da jiragen ƙasa, Baba ya yi kwanaki bai iya isa shagunan takalma ba, saboda mutanen da suka cika harabar tashar jirgin ƙasa suna neman hanyar komawa garuruwansu bikin sabuwar shekara. Bayan sanyi sai wani yanayi ya zo da ban taɓa gani ba: bango yana gumi, madubi yana zubar da ruwa, wanki ya ƙi bushewa. Da muka dawo hutun mako muka tarar tudun farar ƙasa ya yi laushi ya fara funfuna, hasumiyar coci ta karkace. Malama ta kawo na'urar busar da gashi daga gidanta, muka yi ta busa ƙauyen. Shingena ne kaɗai bai lalace ba, don soso ne.

A garin kuwa ko'ina maganar wasannin Olympics ake yi. An kafa manyan agoguna masu nuna kwanakin da suka rage. An liƙa hotunan 'yan tsana biyar masu launi, alamar wasannin, a jikin motoci da buhunan kanti. Ana fenta gine-gine ta gefen da ke kallon titi.

A wannan tsakanin maganar biza ta taso. Yadda 'yan kasuwarmu suka saba, idan izinin zama ya kusa ƙarewa sai mutum ya shiga jirgin ƙasa zuwa Hong Kong, ya kwana biyu, a sabunta masa ya dawo. Mun taɓa yin haka mu uku, har Baba ya saya mini alewa a kwalin ƙarfe. Sai aka wayi gari an ce an daina. Saboda wasannin, duk wanda izininsa ya ƙare sai ya koma ƙasarsa ya nema daga can, kuma ba a san yaushe za a sake buɗewa ba. Namu zai ƙare kafin a rufe makaranta da 'yan makonni.

Akwai wani Basine da yake yi wa Baba irin wannan hidimar, Baba yana ce masa lauban, wato maigida. Kullum Baba zai kira shi a waya a falo, ya haɗa Turanci da ɗan Sinancin kasuwa, ni ina daga ɗaki ina saurare. Wata biyu kawai yake nema, ko guda. Kalmar da na riƙa ji Baba yana maimaitawa ita ce meyo, wato babu. Yakan maimaita ta a hankali, kamar yana ɗanɗana ta, sannan ya kashe wayar.

Hajiya ce ta fara tafiya. Ta shigo da tukunyar shinkafarta ta lantarki da rabin buhun gero, ta ajiye wa Umma.

"Sai sun gama guje-gujensu," ta ce. "Duniya duka an gayyato ta, mu da ke cikin gida an ce mu ba da wuri." Ta dubi Baba. "Bawana, kai fa? Ko za ka shiga gasar gudu ne ka samu takarda?"

Baba ya yi murmushi bai rama ba. Ranar na san abin ya yi nisa.

Wasu sun zaɓi su zauna haka nan, ba izini. Na ji Umma tana kawo wa Baba misalinsu, tana cewa yarinyar nan saura kaɗan ta gama, ko ba ya ganin yadda ta kama makarantar. Ban san ta lura ba. Baba ya ce ya san mutanen da take faɗa. Ya ce akwai wanda ya yi wata bai sauko daga bene ba, abinci ma sai an kai masa, idan aka ƙwanƙwasa ƙofa ya shige banɗaki. Ya ce shi ba zai mayar da iyalinsa ɓeraye ba a kan makonni uku. Ni ma a raina na san gaskiyarsa, wannan ne ya hana ni samun wanda zan yi fushi da shi.

A makaranta zaren ya gangaro gabas, ya bi bakin rafi. Muka yi rafin da ledar shuɗiya. Muka iso wata 'yar gadar dutse, wadda rabinta na ƙauyen ne, rabinta na maƙwabta. A nan Malama ta gaya mana dalilin da ya sa mutanen wancan zamanin suka damu da iyaka har haka. Ta ce a lokacin da coci ke ciyar da gajiyayyu, kowane ƙauye nasa kaɗai yake ciyarwa. Mutum zai iya zuwa daga wani wuri ya yi shekaru yana aikin gona, ana gaisawa da shi, amma ranar da ya kwanta ciwo ko ya rasa aiki, sai a bincika inda aka haife shi, a ɗora shi a amalanke a kai shi wannan gadar a sauke shi a ɗaya gefen. Can ma su ɗora shi su kai gaba, har ya isa inda doka ta ce nasa ne, ko da ba wanda ya san shi a can. Mace mai tsohon ciki ma akan gaggauta tsallakar da ita, don kada ta haihu a ciki ɗan ya zama nauyinsu.

Wata yarinya 'yar Koriya ta ce, "To ba su ji tausayinsu ba?"

Malama ta ce wataƙila sun ji. Ta ce wanda yake jan amalanken ma talaka ne, aikinsa aka ba shi. Ta ɗauki allura ta kafa a tsakiyar gadar, ta naɗe zaren, ta bar sauran ƙullin yana reto a gefen tebur. Na lura baƙin tawadar hannunta ya ɓata ledar rafin. Na sa gefen hijabina na goge bayan an tashi.

Ranar da aka zagaya da wutar wasannin cikin gari an sallame mu da wuri. Tituna sun cika da jajayen tutoci, 'yan mata sun liƙa tuta a kumatu. Wani tsoho ya miƙo mini ƙaramar tuta yana murmushi, na karɓa na ce shiye-shiye, wato na gode. Na iso gida da ita a hannu na tarar da akwatunanmu a falo a buɗe, Umma tana naɗe labule. Baba ya sayi tikiti.

Ban yi kuka ba. Na shiga ɗaki na ɗauko soson da na riga na yanka don shingen kudu, ban san tsawon da za a bukata ba don haka na yanka da yawa. Na zuba su a leda na ɗaure.

A kwanakin da suka rage na ci gaba da zuwa aji kamar ba komai. Ban gaya wa kowa ba. Ina zaune a baya ina kallon kusurwar teburin da ba a gina ba, jarida ce busasshiya da rubutun Sinanci da hoton wata mota. Na yi ta ƙoƙarin cike wurin da kaina. Rafin dole ya fita ta wani wuri. Injin niƙan da aka ƙidaya tun zamanin sarki ba mu gamu da shi ba tukuna, watakila yana can. Malama ta taɓa cewa akwai wani daji da aka yi shekaru ana shari'a a kansa, shi ma ba mu iso shi ba. Gidan da aka haife ta ma ba ta nuna ba. Amma hasashe ba sani ba ne, kuma duk wanda na gina a raina sai ya rushe. Darasin kudu na farko zai faɗo ne kwana biyu bayan tashin jirginmu.

Na san abin da ke jirana a Kano: wata makarantar, a tsakiyar wani zangon, wata kujerar baya. Na san ba wanda zai tambaye ni wannan ƙauye har abada, kuma ba jarrabawar da zai fito. Na san a ranar ƙarshe za su ture kujeru su zagaya suna dukan dutsen sabuluna suna dariya, wani ma ya karya shi. Wannan duk na haƙura da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne in tafi da wuri mai gefe uku a cikin kaina.

Ranata ta ƙarshe a makarantar Baba ya zo da kansa lokacin tara, ya shiga ofis don karɓar takardar shaidar karatuna. Ya ce in ɗauko jakata in same shi a bakin lif. Na shiga ajin, ba kowa sai Malama, tana zaune a gefen teburin ƙauyen tana cin tuffa tana duba littattafan 'yan aji. An riga an gaya mata zan tafi. Ta tashi, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta ce shingena ya fi na gasken kyau. Ta ce yara uku ke nan da suka bar makarantar a wannan watan. Na miƙa mata ledar soson. Ta buɗe ta duba, ta gane ko na mene ne. Sai ta sa hannu za ta ciro dutsen sabulun ta ba ni tsaraba. Na girgiza kai, ta mayar da shi.

Ta miƙo hannu muka gaisa. Na juya har na kai ƙofa. Daga can ƙarshen baranda na ji muryar Baba.

"Mamana, mai tasi ba zai jira mu ba fa."

A shekarar nan gaba ɗaya ban taɓa ɗaga hannu a ajinta ba, ban taɓa fara yi mata magana ba. Na dawo na tsaya a bakin teburin, na ɗora yatsa a kan allurar da ke tsakiyar gadar. Muryata ta fito ƙarama, sai da ta sunkuyo.

"Malama, na san kin ce sai an iso wuri ake faɗin labarinsa. Ni ba zan iso ba. Don Allah ki riƙe zaren nan ki bi da ni daga gadar zuwa inda muka faro, ko da sauri ne, ki gaya mini abin da ke kudu."